Kamfanin solar da duk iliminsa ya taru a kan mutum ɗaya

Wannan bayanin wani ƙaramin kamfanin haɗa sola ne a nan cikin Kano, shagonsu yana wajen Zoo Road, kayan wuta daga Sabon Gari suke ɗaukowa, ƙarfen da ake girke fanel a kai kuma daga Ƙofar Ruwa. Ni nake duba musu lissafi lokaci-lokaci shi yasa na san cikin gidan sosai, mai wajen ya yarda in rubuta amma ban da suna, toh zan dinga ce masa Alhaji, babban ma'aikacinsa kuma Injiniya tunda dama haka kowa ke kiransa. Ma'aikatan duka-duka ba su kai ashirin ba har da yaran da ke koyon aiki da wata yarinya da ke zama a ofis tana rubuta rasit. Abin da yasa na ga ya kamata a rubuta, matsalar tasu ba ta sola kaɗai ba ce, duk mai gareji ko shagon ɗinki ko teburin gyaran waya a Farm Centre zai hango kansa a ciki.

Kafin 2023 lallaɓawa kawai suke, aiki ɗaya ko biyu a sati, mutum ɗaya da ya iya ya ishe su. Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ma ta wuce 1,000. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta awanni masu yawa a rana, zuwa naira 225 duk yunit ɗaya. Shikenan sai kowa ya juyo kan sola, masu kemis, masu sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara, ƙananan asibitoci, masallatai, Islamiyyu, gidaje tun daga Hotoro har Rijiyar Zaki, waya ba ta hutawa. Kuma a daidai lokacin kayan aikin su ma suka canza fuska, batir ɗin tubula mai ruwa da aka saba da shi mutane suka fara barinsa suna komawa litiyom, tsohuwar inbata mai maɓalli ɗaya ta ba da waje ga sabuwa mai allo da saiti ya fi talatin, fanel mai wat 250 ya koma mai 550. Wato aiki ya ninka, aikin kuma ba wanda aka sani jiya ba ne.

A wannan shagon duk wani abu mai buƙatar tunani Injiniya ne ke yinsa. Shi zai je ya duba gida, shi zai lissafa lodi, shi zai ce fanel nawa batir nawa, shi zai haɗa inbata ya saita ta. Yara nasu ɗaukar tsani, hawa kwano, ɗaure ƙarfe, jan waya, fasa bango. Akwai wanda ya shekara da shekaru a wajen amma bai taɓa ganin yadda ake shiga saitin inbata ba, don da an zo daidai nan sai ka ji Injiniya ya ce kai je ka siyo mana fiya wata, kai kuma hau sama ka duba min wancan kusoshin, kafin su dawo ya gama danne-dannensa ya rufe murfi. Kowa ya san me ake yi, ba wanda ke magana.

Kada a ɗauka mugu ne, wallahi ba mugu ba ne, mutum ne mai kyauta ma, shi ke siya wa yaran abincin rana daga aljihunsa in aiki ya kai su nesa. Amma shi kansa haka ya koya, shekaru ya yi a ƙarƙashin wani oga a Sabon Gari yana satar aiki da ido, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce ga dalilin kaza. Sannan ga babban abin, ba albashi yake ɗauka ba, kason aiki yake ci, duk aikin da ya je ya haɗa yana da nasa a ciki, wanda bai je ba ba shi da ko sisi. Toh mutumin da haka tsarin kuɗinsa yake ka ce ya koya wa yaro yadda zai yi aikin ba tare da shi ba, ai ka ce masa ya rage wa kansa abinci ne da hannunsa.

Abin ya fashe ne a hunturun da ya biyo bayan cire tallafin. Aiki biyu suka haɗu rana ɗaya, ɗaya a Nasarawa ɗaya a Ɗorayi, Injiniya ba zai rabu biyu ba, sai Alhaji ya ce babban yaron shagon ya ja mutum biyu su je Ɗorayi su ɗora fanel su haɗa waya, Injiniya zai biyo da yamma ya saita. Yaron nan ya iya aikin hannu ba ƙarya, wayarinsa tsaf kamar an ja da rula, kuma tun zuwansa shagon abin da ya gani ana yi shi ne a jera fanel uku-uku a layi ɗaya, wannan ya shiga wancan, sai a kawo su inbata. Haka ya yi. Abin da bai sani ba, ba wanda kuma ya taɓa gaya masa, shi ne uku-ukun nan ba ƙa'ida ba ce, lissafi ne. In ka jera fanel a layi boltej ɗinsu haɗuwa yake yi. Tsohon fanel mai wat 250 yana ba da kamar bolt 37 in ba a ɗora masa lodi ba, uku kenan 111 ko sama kaɗan, inbatar kuma a jikinta an rubuta iyakar abin da za ta ɗauka daga fanel bolt 145 ne, kaga akwai sarari. Sabon fanel mai 550 kuwa kusan bolt 50 yake bayarwa, uku sun tashi kusan 150, tun a takarda an wuce iyaka. Ƙari a kan haka lambar da ke bayan fanel an auna ta ne a zafin digiri 25, in gari ya yi sanyi boltej ɗin hawa yake ba sauka ba, safiyar hunturu a Kano kuwa kowa ya san yadda take. Injiniya bai samu zuwa da yamma ba, mai gida ya matsa a kunna masa, aka kunna da magariba ba rana komai lafiya, washegari rana na fitowa ɓangaren cajin inbatar ya ƙone. Garanti kuma ba ya ɗaukar irin wannan, don mai kaya yana buɗewa zai gane wuta aka tura mata fiye da ƙima.

Maganin farko da Alhaji ya yi shi ne wanda kusan kowane mai gida ke yi, faɗa a gaban kowa da yankan kuɗi, a dinga cirewa a hakkin yaron har a biya rabin inbatar. Ni a littafi na ga sakamakon wannan, ba a baki ba. Bayan wata biyu sai na lura kuɗin ƙananan kaya ya ƙaru, kan waya na MC4, fis, bureka, kuma ba aikin da aka rubuta su a kai. Ashe yaran in sun yi kuskure ba sa faɗa, komawa suke a ɓoye da daddare ko ranar Lahadi su gyara, wani lokacin su gyara daidai wani lokacin su ƙara ɓatawa. Kuskure bai ragu ba, labarinsa ne ya daina isowa ofis.

Magani na biyu, Alhaji ya ce toh tunda jahilci ne a tura su makaranta. Ya zaɓi mutum biyu ya biya musu kwas na 'yan makonni a wata cibiyar koyar da sana'a, kuma gaskiya an koya musu abu mai kyau, sun dawo da satifiket da littafi cike da lissafi, sun san dalilin uku-uku yanzu har sun fi haka. Amma da suka dawo me ya canza a shago? Ba komai. Injiniya ne dai ke lissafin lodi, shi ke saiti, su kuma tsani da kwano, in ɗaya ya buɗe baki ya ce Oga a makaranta an ce kaza sai a ce masa toh malam sannu da ilimi, miƙo filaya. Kamar ka koya wa mutum tuƙi ne ka hana shi makullin mota. Ba a jima ba ɗayan ya samu wani kamfani ya tafi da satifiket ɗinsa, ɗayan kuma abin ya fara zubewa daga kansa tunda ba ya taɓawa. Alhaji ya yanke hukunci a ransa cewa horar da ma'aikaci asarar kuɗi ce, ka gyara wa wani. A ganina ba kwas ɗin ne ya gaza ba, Kano ba ta rasa wuraren koyo ba, NAPTIN mai horar da ma'aikatan wutar lantarki tana da cibiya a nan, ITF, asusun gwamnati na horar da ma'aikatan masana'antu, ma tana da tata, ga kwalejin fasaha ta jiha, ga cibiyar koyar da sana'o'i ta Aliko Dangote a titin Zariya. Abin da ya gaza shi ne shagon da suka dawo cikinsa, ba a yi wa ilimin wajen zama ba.

Abin da ya juya lamarin ba wani shiri ba ne, zazzaɓi ne ya kwantar da Injiniya kwana da kwanaki a tsakiyar zafin nan na bazara lokacin da kowa ke neman fanka da firij, aiki ya tsaya cak, mutanen da suka ba da kafin alƙalami suka fara zuwa shago da kansu, wani har da cewa zai kai ƙara. Da ya warware Alhaji ya je gidansa dubiya, a zaure suka yi maganar da ya kamata a ce an yi tun shekarun baya. Yadda Alhaji ya ba ni labari, ce masa ya yi Injiniya tsakani da Allah me zai hana ka sakar wa yaran nan aiki, shi kuma ya ce Alhaji in na sakar musu gobe ka ga yaro zai yi maka a rabin kuɗina, ni ina za ka ajiye ni, ina da iyali fa. Alhaji ya ce ya daɗe bai ji maganar da ta shige shi kamar wannan ba, don shi duk tsawon lokacin nan yana ɗauka baƙin ciki ne kawai.

Yarjejeniyar da suka yi mai sauƙi ce. Duk yaron da Injiniya ya koyar har ya ce ya isa ya ja tawaga, toh duk aikin da wannan tawagar ta yi Injiniya yana da kaso a ciki ko bai taka wajen ba, kason bai kai na aikin da ya je da kansa ba amma yana shigowa. A madadin haka in aikin ya dawo da matsala shi ma da nasa alhakin, daga kasonsa za a fara taɓawa. Kaga yanzu lissafin ya juye, in yana da tawaga uku a waje rana ɗaya ya fi samun kuɗi a kan ya hau kwano ɗaya da kansa, kuma ba zai yarda ya saki yaron da bai ƙware ba tunda aljihunsa ne a ciki. Duk sauran abubuwan da zan faɗa a ƙasa, da ba a fara gyara wannan ba ba na jin ko ɗaya zai yi sati uku.

Sai aka kafa zaman Asabar da safe kafin a fita aiki, awa ɗaya ko ɗaya da rabi, Alhaji ke siyan shayi da burodi. Ba allo ba lacca. Akwai wani kanta a bayan shago da ake jibge kayan da suka lalace, sai aka mai da shi kayan karatu, duk sati a ɗauko abu ɗaya a ɗora a tebur a tambaya me ya kashe wannan. Na halarci wanda aka ɗauko wata bureka da ta narke ta yi baƙi ƙirin, Injiniya ya miƙa ta tana zagayawa hannu-hannu kowa na shinshinawa, ya ce wa zai gaya min laifinta. Wani ya ce jabu ce, wani ya ce lodi ya yi mata yawa. Ya ce ku karanta jikinta. Aka duba, ashe burekar wutar NEPA ce aka saka a layin da ya taho daga fanel. Nan ya yi musu bayani da bakinsa irin na masu aiki, wutar NEPA kaiwa da komowa take, a sakan ɗaya tana faɗuwa sifili sau 100, toh in bureka ta buɗe tartsatsin da ya tashi yana samun inda zai mutu, wutar fanel da ta batir kuwa miƙe take ba ta numfashi, in tartsatsi ya kama sai ya yi ta ci har ya cinye robar, shi yasa ake da bureka daban ta DC, wato ta irin wannan miƙaƙƙiyar wutar, duk da ta fi tsada. Yaron da ya saka ta yana zaune a wajen, shi da kansa ya ɗaga hannu ya ce Oga ni ne, a gidan kaza, ta ƙare mana ne na ɗauko wadda ke cikin jaka. Ba wanda ya yi masa dariya, kuma dalili shi ne wata doka da aka kafa, duk wanda ya kawo rahoton kuskurensa da kansa kafin kwastoma ya kira ba za a yanke masa ko kwabo ba, wanda ya ɓoye aka gano shi ne zai biya. Alhaji da ƙyar ya haɗiye wannan dokar, yana ganin kamar an ba yara lasisin ɓarna ne, amma kuɗin ƙananan kayan nan da ke ɓacewa a littafi su suka fara dawowa daidai.

Wani abin da ya yi aiki fiye da zato shi ne ɗaliban da ke zuwa aiti. Tsarin SIWES da ITF ta kafa tun 1973 yana turo ɗaliban kwalejin fasaha da jami'a su yi watanni a wajen aiki, kuma a da in sun zo shagon nan aike kawai suke sha, a sa musu hannu a littafi su tafi. Yanzu sai aka dinga haɗa ɗalibi ɗaya da yaron shago ɗaya. Ɗalibin ya san wat shi ne bolt sau amfiya, zai iya karanta littafin inbata da aka rubuta da Turancin nan mai wuyar sha'ani, amma ba shi abin matse kan waya ka ga ikon Allah, hannu na rawa. Yaron shago kuwa ido rufe zai matse MC4 amma in ka ce ya lissafa kaurin wayar da za ta ɗauki amfiya 100 daga batir sai ya kalli sama. Kowa yana da abin da zai bayar, toh ba wanda ya ji an raina shi. Ɗaliban ne suka zauna suka mai da muhimman saitin inbatocin da aka fi haɗawa zuwa Hausa, ba a takarda ba, a muryar WhatsApp, don wasu yaran allo suka yi ba boko ba, karatun dogon rubutu yana ba su wahala amma in suka ji abu sau biyu ya zauna. Guruf ɗin shagon yanzu cike yake da irin su, wannan na saitin litiyom ne, wannan na tubula ne, kada ka bar inbata a saitin tubula ka haɗa mata litiyom don akwai cajin da take yi mai ɗaga boltej lokaci-lokaci saboda batir mai ruwa, litiyom ba ya son sa, BMS ɗinsa, wato na'urar da ke cikinsa mai kare shi, zai yi ta yanke wuta mai gida ya ce an sayar masa da jabu.

Sannan kafin a kunna kowane sabon aiki dole shugaban tawaga ya turo hoto huɗu a guruf, lambar bayan fanel, lambar jikin inbata, abin da mita ta nuna a layin fanel kafin a jona, da allon saitin batir. Injiniya ko yana ina zai duba ya ce a kunna. Minti biyar ne, amma da ana yinsa tun farko da inbatar Ɗorayi tana nan da ranta.

Yarinyar ofis ba wanda ya sa ta a lissafi, tana zuwa zaman ne don ita ke raba shayi da rubuta sunayen waɗanda suka zo. Sai ga shi ita ta fi kowa kama lissafin lodi. Batir ɗin tubula mai bolt 12 da 200Ah a takarda kilowat-awa 2.4 ne, amma rabi ake so ka ci in kana son ya yi kwana, guda huɗu kenan abin da za ka mora bai wuce 4.8 ba, litiyom mai bolt 51.2 da 100Ah kuwa 5.12 ne kuma za ka iya cin kashi 80 ko fiye. Ta riƙe wannan, ta kuma gano abin da mazan ba su gano ba, wato mai gida in ya zo shago cewa yake fitila ce kawai da fanka da talabijin, amma wadda ke yini a gidan ita ta san akwai dutsen guga da hita da injin markaɗe da firiza. Toh sai ta fara cewa Alhaji don Allah a ba ni lambar Hajiya in tambaye ta kayan da ake kunnawa, mace da mace magana ta fi fitowa. Rabin rigimar batir ba ya kai asuba daga nan take tasowa, ba daga haɗi ba. Yanzu ita ke fitar da lissafin farko Injiniya ya duba, an ƙara mata albashi, duk da ni a ganina ƙarin bai kai aikin ba kuma na faɗa wa Alhaji.

Ba wai komai ya tafi sumul ba. Rigimar girma ta taso, wani ƙaramin yaro da bai daɗe da zuwa ba ya riga na gaba da shi ƙwarewa, Injiniya ya ce shi zai ja tawaga, manyan suka ce ba za su bi yaron da suka koya wa riƙe guduma ba, ɗaya daga cikinsu ma ɗan 'yar uwar Alhaji ne, magana har gida. Abin da aka yi shi ne aka raba, babba shi ne shugaban tawaga mai magana da mai gida da kula da kaya, ƙaramin shi ke da alhakin lissafi da saiti da turo hoto, kowa da ɗan alawus ɗinsa. Ba gyara ne mai kyau sosai ba, faci ne, amma ya riƙe.

Babbar jarrabawar ta zo a ƙarshen Oktoban 2024 lokacin da layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala Kano ta kwana fiye da mako a duhu. Aiki ya yi ambaliya, kuma mutum na farko da ya ce a ɗage zaman Asabar Alhaji ne da kansa, wai yanzu lokacin kuɗi ne ba na karatu ba. Aka ɗage sati ɗaya, ya zama biyu, ya zama wata da wani abu, hoton kafin kunnawa ma aka fara tsallakewa saboda sauri. Abin mamaki wanda ya tayar da maganar a dawo da shi Injiniya ne, mutumin da a da yake aiken yara siyan ruwa, saboda ayyuka biyu sun dawo a jere kuma daga kasonsa aka taɓa. Aka dawo da zaman amma aka rage shi zuwa minti arba'in in aiki ya yi yawa, da azumi kuma a mai da shi bayan sallar asuba ta waya, kowa ya saurari murya ɗaya ya ba da amsa.

Tsoron da Alhaji ke ji tun farko kuma ya tabbata, cikin waɗanda suka ƙware mutum biyu sun tafi sun buɗe nasu, har da babban yaron nan na Ɗorayi. Alhaji ya ji zafi sosai, ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarsu. Amma da ya samu kwangilar wata makaranta da ta fi ƙarfin mutanensa, da ya tashi neman ƙarin hannu su ɗin dai ya kira, don ya san irin aikinsu, ya san za su turo hoto huɗu ba sai an ce ba, kuma kaya a wajensa suke saya har yau. Da na zauna na duba abin da ke shigowa ta hanyarsu ban ga asarar da yake kuka da ita ba. Shi dai har yanzu in maganar ta taso cewa yake sun yi gaggawa.

Akwai abubuwan da suka rage kuma ba ƙanana ba ne. Yarjejeniyar kason Injiniya har yau a baki take, ba takarda ba shaida in ban da ni da littafina, ranar da aka samu saɓani ko ɗayansu ya faɗi magada ba su san da ita ba. Yaran suna hawa bene mai hawa biyu ba igiyar ɗaure jiki, wasu da silifas, an yi zama a kan bureka da batir da komai amma ba a taɓa yin zama a kan faɗowa ba, da na tambaya aka ce ai Allah ke tsarewa, na ce haka ne, shi ya ba mu hankalin siyan igiya ma. Takardar shaidar ƙwarewa ta NEMSA, hukumar da doka ta ɗora wa tantance masu haɗa wutar lantarki tun 2015, yawancinsu ba su da ita, kuma manyan kwangiloli suna tambaya. Batun ITF kuwa, asusun da aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, kamfani yana zuba kashi 1 cikin 100 na albashin shekara kuma yana iya karɓo har rabin abin da ya zuba in ya nuna ya horar da ma'aikatansa yadda aka tsara, gyaran dokar da aka sa wa hannu a 2023 ya mai da wajibcin kan masu ma'aikata 25 zuwa sama, toh su ba su kai ba tukuna, amma yadda suke ɗaukar mutane sun kusa, kuma zaman shayi da muryar WhatsApp ba su ne irin shaidar da ofis ke karɓa ba, sai an fara rubuta wa ya koyi me kuma yaushe. Na ba yarinyar ofis wani littafi daban ta fara.

Maganar da ke kan tebur yanzu ita ce yaran wasu shagunan sun fara roƙon a bar su su dinga zuwa zaman Asabar, har akwai masu cewa za su biya. Injiniya yana so, ya ce kuɗin a raba shi da shago. Alhaji ya ce shi ba zai dafa shayi ya koya wa masu ƙwace masa kwastoma aiki ba, in dai za a yi sai dai a wani wajen ba a shagonsa ba kuma ba da kayan kantansa ba. Sun ajiye maganar sai bayan sallah.